Ba wayar Inna aka fasa ba

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Tawa: "Yayana yana ci-rani a Abijan. Makon jiya aka kira mahaifiyarmu ta WhatsApp ɗinsa, da lambarsa da hotonsa. Mai maganar ya ce shi abokinsa ne, an kama yayana, a turo jika 150 kafin la'asar, kuma kar a gaya wa kowa. Ta haɗa kuɗin adashenta da rance ta aika. Da dare muka same shi ta wata lamba, lafiyarsa lau, bai ma san zancen ba. Tun ranar Inna ba ta cin abinci sosai. Ina tunanin in karɓe wayar daga hannunta, ko in saya mata mai tsada wadda ba a iya yi wa kutse. Sannan na sa kyamara a shagona, yanzu ita ma tsoronta nake ji. Me zan yi?"

Ƙanena, da farko ina yi muku jaje. Allah Ya mayar wa Inna da mafi alheri, Ya kwantar mata da hankali. Ni ma ɗan Adar ne, aiki ne ya zaunar da ni Yamai, kuma aikin nawa shi ne tsaron kwamfutoci da hanyoyin sadarwa na ma'aikatu. Da wuya wata ya ƙare ban ji labari irin naka ba, wani lokaci ma daga bakin dangina.

Kar ka karɓe wayar, kar kuma ka zuba kuɗinka a waya mai tsada. Wayar Inna ba wanda ya taɓa ta. Ko da wadda ta fi kowace tsada a Babbar Kasuwar Yamai ce a hannunta, da abin da ya faru sai ya faru, domin ɓarawon ta zuciyar uwa ya shigo, kuma ƙofar tun daga Abijan aka buɗe masa.

Bari in bi maka sawunsa. WhatsApp bai san mutum ba, lamba ya sani. Duk wanda ya sauke manhajar a wata waya ya rubuta lambar yayanka, kamfanin zai aika alƙaluma 6 ta SMS zuwa ga layin, don ya tabbatar mai layin ne yake nema. Ɓarawo ba shi da layin, don haka sai ya roƙi alƙaluman. Yakan kira mutum yana tsakiyar ciniki, hannu ɗaya a kaya, ɗaya a canji, ya yi sallama da Hausa tsantsa: "Ɗan uwa, gurup ɗin ƴan garinmu muke sabuntawa, an aiko maka wasu lambobi yanzu, karanto mini in sa ka." Wani kuma ya ce ya yi kuskure ya tura kode ɗinsa zuwa wayarka, ka taimaka ka mayar masa. Ka tambayi yayanka cikin lalama, zai tuna da wani kira ko saƙo mai kama da wannan, kwana ɗaya ko biyu kafin abin ya faru. Da ya karanta alƙaluman nan, WhatsApp ɗinsa ya tashi daga wayarsa ya koma ta ɓarawo. Shi kuwa da ya ga manhajar ta ƙi buɗewa, ya ɗauka matsalar rezo ce, ya bari sai ya samu yaron da zai duba masa.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tsofaffin saƙonni ba sa bin ɓarawo, suna nan cikin wayar mai ita. Abin da ke binsa shi ne gurup-gurup da lambobin mutanen da ke ciki, da duk sabon saƙon da zai shigo. To sai ya yi shiru, ya zauna yana saurare. Mu kuwa a gurup ɗin gida ba abin da ba mu zubawa. A vokal ɗaya za ka ji wa ake ce wa Inna, wa ya sayar da albasa, wa ta ɗauki adashe, wa ke shirin biki. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuma sauraron kwana biyu ya ishe shi ya zama ɗan gari. Kafin ya kira Inna ya riga ya san tana da kuɗi a hannu, ya san ɗa nata ne na nesa wanda kullum zuciyarta ke kansa.

Ka sake duba maganar da ya yi mata, za ka ga igiya uku ya ɗaure ta da su. Ya tsorata ta da cewa an kama ɗanta a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Ya yanka mata lokaci, kafin la'asar, don kar ta samu sararin tunani. Ta ukun ita ce mafi muni, ita ce kuma nake so kowa a gidanku ya haddace: kar ki gaya wa kowa. Duk dabarar a nan take. Ɓarawo ya san ƙaryarsa ba ta jure kunne na biyu. Da Inna ta leƙo shago ta ce maka "ka ji abin da aka ce", da kai za ka nemi wani ɗan garinku a Abijan, cikin minti biyar magana ta ƙare. Shi ya sa ya lulluɓe abin da rigar rufin asiri, ya san uwa Bahaushiya gara ta ci bashi da a ji ɗanta yana hannun hukuma.

Saboda haka ba na so ko a ranka ka ce tsufa ne ko rashin boko. A watan Yulin 2020 an ƙwace shafukan manyan mutane a Twitter, har da na Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk, aka yi amfani da su aka damfari jama'a. Ba wata na'ura aka fasa da ƙarfi ba. Ma'aikatan kamfanin aka kira a waya, aka ce daga sashen gyaran kwamfuta ne, suka miƙa mabuɗan shiga da hannunsu, kuma wanda aka kama a matsayin jagoran abin yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Florida ta Amurka. A nan kusa da mu, a 2022 kamfanin tsaro na Group-IB ya fitar da rahoto kan wani gungu da ake kira OPERA1ER, masu magana da Faransanci, da suka sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa. Hanyar shigarsu saƙon imel ne da aka tsara shi ya yi kama da na gaskiya, ma'aikaci ya buɗe. Mutane ne masu digiri, suna zaune cikin ofis mai sanyi, an kashe miliyoyi wajen tsare na'urorinsu.

Ni kaina an taɓa kai ni bakin rami. Wata rana da azumi, daf da shan ruwa, aka kira ni aka ce ƙanen mahaifina ya yi hatsari tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, yana asibiti, ba za a taɓa shi ba sai an biya. An faɗi sunansa daidai, an faɗi garinmu, kuma na san lallai yana kan hanya a ranar. Jikina ya ɗauki rawa. Na sa takalmi, na ɗauki makullin babur, duk abin da nake koya wa mutane ya fita daga kaina. Maiɗakina ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka kira matarsa tukuna." Na kira. Ashe yana zaune a tasha yana jiran a sha ruwa. Ranar na gane cewa ilimi ba ya aiki a lokacin da tsoro ya kama mutum. Abin da ke aiki shi ne a samu wani a kusa wanda tsoron bai kama ba.

A kan wannan nake so ka gina komai. Ku zauna a gida, da na nan da na ci-rani, ku yi yarjejeniya ɗaya wadda ba ta da togiya: duk wanda aka nema da kuɗi ta waya, ko wane ne ya nema, ko me ya faru, ba a aikawa sai an gaya wa mutum na biyu, sai kuma an kashe kiran an nemi mai shi ta wata hanya. In ta WhatsApp aka zo, a kira layinsa kai tsaye. In bai shiga ba, a nemi maƙwabcinsa ko mai masaukinsa ko ɗan garinku da ke tare da shi. Adarawa ba su taɓa zama su kaɗai a baƙon wuri ba, ko Abijan ne ko Libiya ko Aljeriya, kowa yana da wanda ya san inda ya kwana. Ku rubuta lambobin mutum biyu ko uku na kusa da yayanka a takarda, a ajiye a ɗakin Inna. Kuma ya fito daga bakin yayanka da kansa, ya ce mata: "Inna, ko ni na ce kar ki faɗa wa kowa, ki faɗa." Wannan kalma tasa ta fi duk wata manhajar da zan iya sa mata.

Ku ƙara da tambayar gida. A zaɓi abin da ɗan gidan kaɗai ya sani, wanda ba a taɓa faɗa a gurup ko a Facebook ba: sunan da kaka take kiransa da shi yana yaro, ko itacen da ke bayan rumbun tsohon gida. Na dage a kan wannan ne saboda murya ta daina zama shaida. Yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa, mu kuwa wuni muke muna aika vokal. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfani ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabansa na harkar kuɗi da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ashe duka ƙirar kwamfuta ce. Wanda ya cuci Inna bai kai nan ba, shi ya sa ya ce abokinsa ne. Na gaba zai iya zuwa da muryar ɗanta. Na'ura tana iya satar murya, amma ba ta san sunan da kaka ta raɗa wa jikanta ba.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna, kuma a nan ba na ɗora wa mutanenmu laifi. Waɗanda suka ƙera wayoyin nan, mutum ɗaya suka sa a gaba: mai waya shi kaɗai, mai karatu, mai sirrin da ba ya gaya wa kowa. Rayuwarmu ba haka take ba. Waya ɗaya a gida, uwa ta yi kira, ɗa ya kalli ƙwallo, jika ya yi wasa, maƙwabciya ta ari ta gaida mijinta. Fiye da rabin manya a Nijar ba sa karanta boko. Saƙon da ke kawo alƙaluma 6 ɗin nan yana ɗauke da gargaɗi cewa kar a ba kowa, amma da Faransanci ko Ingilishi yake zuwa, a rubuce, ga mutumin da duk harkarsa ta waya da baki da kunne yake yin ta. Gargaɗin da ba a ji ba, ai ba a yi shi ba. In ka tsaya a wurin masu turawa da cire kuɗi ranar Lahadi da kasuwar Tawa ta cika, za ka ga dattijo ya miƙa waya, ya faɗi kode ɗinsa da ƙarfi, mutum goma na tsaye a bayansa. Ba sakaci ba ne a wurinsa. Shi a saninsa wanda ka ba amana ba ka ɓoye masa, haka aka rene shi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Na'urar ce ba a yi ta don shi ba. Kamata ya yi kamfanonin waya da na aika kuɗi su riƙa yin gargaɗinsu da murya, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a daidai lokacin da mutum zai danna, ba a allon talla kawai ba. Ina faɗin haka duk inda na samu dama.

Kafin a kai can, mu yi abin da ke hannunmu. Ban yarda da masu cewa tsoho ba zai iya riƙe kode ɗin kuɗinsa na waya ba. Macen da ke riƙe lissafin adashen mata 20 a ka, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, alƙaluma 4 ba za su gagare ta ba. Ba a dai zauna an koya mata ba ne. Ka zauna da ita bayan isha'i, ku zaɓi lambar da ba shekarar haihuwa ba, ba 1234 ba, ba 0000 ba, ta yi ta dannawa da yatsanta har hannun ya saba. In ya zama dole wani ya taimaka mata, ya kasance mutum ɗaya tak da kowa ya sani, ba duk yaron da ya gitta ba. Ta kuma riƙe wannan: ba kamfanin waya, ba banki, ba ma'aikacin gwamnati da zai kira ya ce a faɗa masa kode. Duk wanda ya nema, ko da wace irin ladabi, a kashe wayar.

Sai gyaran WhatsApp ɗin yayanka, in bai riga ya yi ba. Ya sake shigar da lambarsa, sabbin alƙaluma 6 za su zo wa layinsa, da zarar ya sa su an fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya kafa nasa kode na biyu, za a sa yayanka jiran kwana 7, amma shi ma ɓarawon a waje yake a wannan lokaci. Ya aika vokal ga duk gurup ɗin da yake ciki ya sanar da abin da ya faru, don mai yiwuwa ba Inna kaɗai aka kira ba. Daga nan kowa a gidan ya shiga Paramètres, ya shiga Compte, ya kunna Vérification en deux étapes. Kode ne na alƙaluma 6 da kai kake zaɓa, ba a aiko maka shi ta SMS. Ko an yaudare ka ka ba da na SMS, ɓarawo zai tarar da ƙofa ta biyu a kulle. Minti biyu ne aikin, kyauta ne, kuma da yayanka ya yi shi da ba mu zo nan ba. Ku leƙa Appareils connectés kuma. WhatsApp yana bari a haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori har 4, kuma wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa ta da tasa ya riƙa karanta komai kana nan ba ka sani ba. In kun ga na'urar da ba ku gane ba, ku cire ta. Yawancin masu sharji da masu gyara da masu zuba wa'azi a kati mutanen kirki ne masu neman halak, amma waya a kulle ake barin ta a hannun kowa.

Batun pus ma, wato katin layin waya, ya shafi ƴan ci-rani musamman. Mutum ya tafi da WhatsApp a kan lambarsa ta Nijar, ya jefa pus ɗin a jaka, wata da watanni ba kira ba kredi. Kamfanoni suna karɓe layin da ya daɗe ba a amfani da shi, su sake sayar wa wani. Sabon mai layin shi zai riƙa karɓar duk wani kode. Wanda zai daɗe a waje, ko dai ya bar pus ɗin a hannun na gida ana sa masa kredi, ko ya mayar da WhatsApp ɗinsa kan lambar da ke aljihunsa. Layin Inna kuma ka tabbatar cewa da katin shaidarta aka yi rajistarsa, ba da na wani yaron unguwa ba, don ranar da ya ɓace mai sunan kaɗai za a saurara.

Kai kuma a matsayinka na mai shago, naka tarkon daban ne. Za a nuna maka hoton saƙo a ce an tura kuɗin kaya, ko SMS ya shigo mai kama da na kamfani sannan a kira ana kuka, wai kuskure aka yi, ka mayar. Kar ka duba saƙo, ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka. Haka saƙonnin da ke yawo na kyautar mega da tallafi da kujerar Makka, a ce ka danna nan ka tura wa mutum 20. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu kyamararka. Tsoronka yana da tushe, amma maganinsa ba wuya. Yawancin kyamarorin da ke shigo mana kasuwa suna zuwa da kalmar sirrin da aka sa musu tun daga masana'anta, irin su admin da 12345, kuma iri ɗaya ce a dubban na'urori. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi intanet tana gwada irin waɗannan kalmomi, kimanin 60 kacal, ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan wifi ba tare da masu su sun sani ba. Da su aka kai harin da ya hana mutane shiga manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba na shekarar. Da wani nau'inta kuma aka durƙusar da wani kamfanin sadarwa a Laberiya, har kotu a Ingila ta ɗaure wanda ya yi aikin a 2019. Abin ya kai Birtaniya ta hana sayar da na'urori masu irin wannan kalmar sirri tun daga Afrilun 2024. Mu a nan ba mai tace mana, sai mu tace da kanmu.

Amma ni abin da na fi tambayar masu shago shi ne: wa ya haɗa maka? Sau da yawa wanda ya ɗaura kyamarar shi ya buɗe asusun, da lambarsa ko imel ɗinsa, kuma shagon yana nan a wayarsa har gobe. Ba sai yana da mugun nufi ba. Wayarsa na iya ɓata, yaronsa na iya ɗauka, sai wani ya san ƙarfe nawa kake ƙirga kuɗi da aljihun teburin da kake sa su. Ka kira shi da mutunci, ku sauya kalmar sirrin a gabanka, kai ka rubuta ta da hannunka, asusun ya koma sunanka, ya goge nasa kana gani. Ka juya kyamarar kar ta kalli inda abokan ciniki ke danna kode. Shawarata kuma, kar ka kai ta cikin gida inda iyali suke. Na ga gidajen da aka sa ta har tsakar gida da sunan tsaro, mata suna aikinsu ba mayafi, ba wanda ya tambaye su, ba kuma wanda ya san ido nawa ke kallo. Katangar da kakanninmu suka gina da zaure a gaba, suna da dalili.

Ku kai ƙara. Na san abin da ke hana mutane, kunya ce da cewa ai ba abin da za a yi. Gaskiya ce kuɗin da aka riga aka cire da wuya su dawo, ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Amma Nijar tana da doka a kan wannan, doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet, kuma ƴan sandan bincike na PJ suna da sashen da ke bin irin waɗannan laifuka. Ka ɗauki resin da aka ba Inna, da sunan wanda ya karɓa, da lambar da aka ba ta, da ranar da lokacin kiran, ka je wurin da aka aika kuɗin, sannan ka wuce komisariya. Kuɗi ba sa fita sai da suna da lamba, kuma ɓarawo ɗaya gida da yawa yake shiga. Ƙararku tana iya zama wadda za ta cike gurbin da masu bincike ke nema. Ga gaba kuma ka sani, in aka farga da wuri kafin a cire, komawa wurin aikawar da gudu yakan sa a tsayar da kuɗin.

Ma'aikatan waɗannan wurare ma suna da rawar da ba a cika yaba musu ba. Na taɓa tsayawa a layi a Yamai, wata tsohuwa a gabana, waya manne a kunne, hannunta na rawa tana kwance bakin zane. Yarinyar da ke karɓar kuɗin ta dube ta, ta ce, "Inna, wanda za ki aika ma, kin san shi?" Ta ce a'a, abokin ɗanta ne. Yarinyar ta ce, "To kashe wayar nan, zauna ga kujera, ba ni lambar ɗan naki in kira miki." Layi ya tsaya, wasu suna tsaki. Da aka samu ɗan, tsohuwar ta fashe da kuka, ta kama hannun yarinyar ta ƙi saki. Ba na'urar da ta yi wannan aiki, tambaya ɗaya ce daga wadda ta kalli fuskar mutum. In kana da sabo da masu wurin da Inna ke zuwa, ka roƙe su wannan alfarma, duk ranar da suka gan ta a rikice su neme ka.

Na bar maganar Inna ta zo ƙarshe don ita ta fi nauyi a wurina. Rashin cin abincin nan ba na jika 150 ba ne. Kunya ce, da jin cewa ta zama nauyi, ta zama wadda yara za su riƙa yi wa kallon ba ta san komai ba. In ka karɓe wayar, ka tabbatar mata da wannan zato, ka kuma yanke igiyar da ke haɗa ta da ɗanta na nesa, wadda saboda ita take kwana da wayar a ƙarƙashin matashi. Na ga tsofaffin da aka yi wa haka. Ba su ƙara tsira ba, sai dai suka koyi ɓoyewa, ranar da aka sake kiransu a wayar maƙwabta ba wanda suka gaya wa.

Ka je ka zauna kusa da ita, ba a tsaye ba. Ka ce mata abin da ta yi shi ne abin da uwa take yi, an ce ɗanta na cikin wahala ta ba da duk abin da take da shi, kuma ku ƴaƴanta kun gani. Rancen ku raba shi tsakaninku ku biya, kar mai bashi ya zo mata ƙofa. In hankalinta ya kwanta, ka nuna mata cewa labarin nan in ta ba da shi a gidan suna ko wurin adashe, mata da yawa za su ji daga gare ta abin da ba za su ji daga gare ni ba, domin kusan kowace a cikinsu tana da ɗa ko miji a waje. Amma wannan sai in ita ta so, kar a tilasta mata.

Yayanka kuma ya kira ta da bidiyo ranar Juma'a bayan an sauko, ta ga fuskarsa. Ya gaya mata da bakinsa cewa shi aka fara yaudara, shi ya karanta musu lambobin, don ta san ba ita kaɗai ke ɗauke da kayan ba. Tambayar gidan nan kuwa ku bar mata ita ta zaɓa, ta kuma fara gwada ta a kansa tun a wannan kiran.